Zargin da na yi wa gidan da ya riƙe ni

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare a Omdurman, yaro mai shiru-shiru wanda in baƙo ya shigo gida sai ya nemi lungu da littafinsa. Ba na iya kallon babba a ido, amma ina da wani hali da nake ɗauka basira ce: ba abin da zai wuce ta gabana ban lura da shi ba, kuma sai na yi ta juya shi a raina har na samo masa dalili. An haife ni a wani ƙauyen Jazira inda iyayenmu suka yi aikin auduga. Da mahaifina ya rasu, mahaifiyata ta damƙa ni ga yayanta don in ci gaba da karatu. Kawu mai agashe ne, naman nan da ake gasawa da ƙuli-ƙuli da yaji wanda mutanenmu suka yi suna da shi a Sudan, kuma rumfarsa na gefen Kasuwar Libiya. Gidansa ɗaki biyu ne da rumfar zana a tsakar gida. A ciki akwai matarsa da muke kira Inna, da 'yan mata ƙanana, da ɗansu na fari wanda ya ɗan girme ni, ya bar makaranta da wuri yana taya ubansa sana'a.

Ni da ɗan Kawu taubasai ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, don haka bakinsa ba ya hutawa a kaina. In ya dawo daga kasuwa yana warin hayaƙi sai ya tsaya a kaina ya ce bawansa ya tashi ya karɓi takalmin ubangidansa, ko ya ɗauki littafin kimiyyata a juye ya yi ta karanta shirme da Larabci yana gyara tabaraun da ba shi da shi. Kowa ya yi dariya, ni in yi murmushin dole. Inna kuwa ba ta taɓa kiran sunansa, sai dai ta ce wancan yaron, saboda kunyar ɗan fari. Ni take kira da sunana, ni take zuba wa tsokar da ta fi girma. Shekaru biyu na farko ban ga komai a cikin wannan ba sai zaman lafiya.

Abubuwa sun canza a shekarar jarrabawata. Zamanin mulkin soja ne, ana yaƙi a Kudu, kuma aka shiga kamen samari da ake kira kasha. A tare motar haya a bakin gada ko a mararraba, a sauke duk wanda ya yi kama da ya isa aikin soja, a loda su a babbar mota zuwa sansani. Da aka ba mu hutun shirin jarrabawa, Kawu ya kira ni bayan sallar asuba ya ce daga yau ba ni ba shiga mota, iyakata masallacin unguwa da shagon kan kwana. Na ce masa a hankali ina da katin ɗalibi. Ya dubi tsayina da gemun da ya fara tsiro mini, ya ce kati ba ya magana a bakin ƙofar mota, mai bindiga ne ke magana. Daga nan bai ƙara ko kalma ɗaya ba, don shi mutum ne da ba ya maimaita zance, ba ya kuma ba yaro dalili.

To a nan ne halina ya cuce ni. Na zauna na yi lissafi irin na ɗalibi: in da gaske hanya na da haɗari, me ya sa kullum da safe ɗansa na cikinsa ke saɓa buhun gawayi ya hau mota zuwa kasuwa, wani lokaci har unguwar Alhilla Kuku ɗauko ƙuli-ƙuli, tafiyar da sai an tsallaka gada biyu? Wane uba ne zai tura nasa cikin wuta ya ɓoye na wani? Sai na yanke cewa maganar kasha hujja ce kawai. Daga ranar komai na gidan ya koma mini shaida. Takalmina na fita ya ɓace, Inna ta ce an kai gyara, bai kuma dawo ba. In na shigo rumfa ita da Kawu na magana ƙasa-ƙasa sai su yi shiru. Da la'asar Inna ta fara miƙo mini taɓarya ta ce in daka yajin agashe, abin da ba ta taɓa sa ni ba. Wani maƙwabci ya leƙo ya tambayi shekaruna, Kawu ya rage su a gabana ba ko ƙifta ido. Na haɗa duka na fitar da amsa: ba sa son ɗan riƙo ya shiga jami'a nasu yana hura gawayi, so suke in faɗi jarrabawa in koma yaron rumfa. Har kalmar bawa da taubashina ke tsokanata da ita ta daina zama wasa a kunnena. Tsokar da Inna ke zuba mini ma sai na riƙa kallonta a matsayin abin toshe baki.

Ban gaya wa kowa ba. Ina gaishe su kamar kullum, ina cin abincinsu, ina kallon hannunsu. Akwai wani littafi na tsofaffin tambayoyin jarrabawa da na san ana samu wurin masu baza littattafai a ƙasa kusa da babban masallacin Khartoum. Na roƙi Kawu, ya ce in faɗa wa ɗansa sunan littafin zai sayo. Na ce a raina wanda ba ya bambanta gaban littafi da bayansa ne za a aika, lallai mutanen nan sun shirya. Wata safiya Kawu ya riga ya tafi rumfa, Inna na wanki, na zura silifas ɗin banɗaki na fice. Na hau mota na tsallaka gada lafiya lau, ko soja ɗaya ban gani ba. Na sayi littafin, na zauna a inuwar masallaci ina karantawa har bayan azahar, zuciyata fes, ina jin na kama su dumu-dumu.

Da na dawo da la'asar na tarar da mata cike da tsakar gidanmu. Ƙanwar taubashina ce ta gaya mini abin da ya faru tana kuka. Da Inna ta duba ba ta gan ni ba, sai ta tare ɗanta a ƙofa da buhu a kafaɗa, ta ce ya ajiye ya bi ni, tunda ya san inda masu littattafai suke. Wai har ya yi dariya ya ce bari ya je ya kamo bawansa da ya gudu. Motar da ya shiga ita aka tare a bakin gada. Wani direban unguwarmu ya ga lokacin da aka sauke shi tare da wasu samari, ya zo ya ba da labari. Ina tsaye da littafi a hammata Kawu ya shigo, ya rufe rumfa tun rana ba ta faɗi ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa kamar mai duba ko wani abu ya ragu a jikina, ya ce alhamdulillahi, sannan ya tambaye ni ko na samu littafin. Na ce na samu. Ya ce to in shiga in karanta.

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Amma ba wanda ya ɗaga mini murya a gidan nan. Kawu ya yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan, yana dawowa ƙafa duk ƙura, ba labari. Ya ɗauki hayar wani tsoho yana kai masa gawayi, ni kuwa ya ƙara jaddada cewa kada in kuskura in leƙa titi. Inna ta rame, in ta zuba abinci sai ta manta ta zuba kwano ɗaya fiye da mutanen gidan, ta tsaya tana kallonsa. Duk da haka tsoka mafi girma a kwanona take. Abin kunyar da zan faɗa muku shi ne, ko a lokacin zargin bai sake ni ba. Na riƙa jiran ranar da za su rama. In Inna ta kawo mini shayi ina karatu sai in ce a raina so take in ji nauyi ya kashe ni. In Kawu ya yi shiru sai in ce yana tara mini ne sai mahaifiyata ta zo. Mutumin da ya saba fassara alheri da mugunta ba ya iya dainawa rana ɗaya, ko da gaskiya ta tsaya a gabansa.

Na ci jarrabawa da sakamako mai kyau, daga baya na yi nawa aikin sojan a wani ofis cikin gari kamar yadda ake yi wa wasu ɗalibai. Taubashina kuwa sai da aka kai shi Kudu. Ya dawo bayan dogon lokaci, ya bushe kamar itace, kunnensa na hagu ya daina ji. Ranar da ya shigo na kasa fitowa daga ɗaki, shi ya same ni. Ya ce ya ji na zama babban malami, to in zo in zauna ta gefen damansa, don kunnen hagu ya riga ya yi ritaya daga sauraron shirmen 'yan boko. Ya yi dariya har da tari, ni kuwa hawaye suka hana ni ganin fuskarsa. Bai taɓa ɗaga maganar ranar ba har yau, kuma ba ya ba da labarin abin da ya gani a can. In mota ta yi ƙara a titi yakan daina magana na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba.

Na yi aiki, na yi aure, na koma unguwar Soba da zama. Ina aika wa gidan Kawu abin da ya sauƙaƙa, ina zuwa gaisuwar sallah, amma kunya ta hana ni buɗe baki in ce na gode, balle in nemi gafara. Kullum sai in ce sai na samu lokacin da ya dace. Sai da Kawu ya tsufa ya bar rumfa, wata rana muna zaune mu biyu, na yi ƙarfin hali na tambaye shi me ya sa ya riƙa tura ɗansa yana tsare ni. Ya yi mamakin tambayar. Ya ce dole wani ya kai gawayi ko gidan ya kwana da yunwa, kuma in nasa aka ɗauka shi da matarsa ne za su yi kuka, kukansu ne. In ni aka ɗauka fa, da wace fuska zai je Jazira ya tsaya gaban ƙanwarsa da ta riga ta binne miji? Ya ce daka yajin ma don sun ga zama ya fara kumbura mini ƙafa ne. Na fara yi masa godiya, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce ba shi ya kamata in gode wa ba, shi dai umarni ya bayar. Wadda take tsayawa a ƙofa kowace safiya tana kallon ɗanta na fari yana tafiya, ba ta iya ko kiran sunansa ta ce ya kula, sannan ta juyo ta dafa mini shayi, ita ce ta biya. A lokacin Inna ta shekara a kabari.

Yau ni ma ina da samari a gida, kuma ina riƙe da ɗan ƙanwar matata. Abin da na koya shi nake son in bar wa masu karatu. Ku iyaye da masu riƙo, in kun hana yaro abu ku daure ku gaya masa dalili, ko da a al'adarmu babba ba ya yi wa yaro bayani. Yaro mai shiru ba wai ba ya tunani ba ne, in ba ku ba shi dalilinku ba zai ƙirƙiro nasa, kuma nasa ya fi muni. Ku kuma samari da 'yan mata da ke cin tuwon gidan wani, kada ku zauna kuna auna kowace loma da kowane shiru kuna neman makirci. Ni na fi kowa iya lura a gidan nan, amma ban ga abin da ke gaban idona ba. In akwai wadda ke dafa muku shayi da safe, ku tashi yau ku same ta a madafa ku gode mata da bakinku, tun tana iya ji. Ni tawa godiyar sai dai in kai ta maƙabarta, kuma can ba a amsawa.