Ladan da Fataken Katako

Shekara biyu bayan saukar tutar Faransa Ladan ya haɗu da baƙinsa. Yana dako a Gare, tashar jirgin ƙasa ta Parakou, sai aka sauke wani jiƙaƙƙen katako tare da kwandunan kifi daga Cotonou. Jikin katakon duk wasu ƙananan halittun ruwa ne masu ɓawo biyu, sun manne, suna buɗe baki suna rufewa.

Mai kifin ta ce, "Teku ce ta jefo shi. Masunta sun ce ba na ruwanmu ba ne, inda suka sauka kuma sai sun kori 'yan gida. Yar da su!"

Ladan jikan masu saukar da fataken goro ne a Djougou. Dokar gidansu ɗaya ce: baƙo ba ya mutuwa a hannunsu. Ya ce wanda ya ƙetare teku a kan katako ya fi kowane falke wahala. Ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, ya hau mota zuwa gidansa a Djougou.

A gida ya tsoma katakon a randar matarsa Zuwaira, ya roƙi maƙwabciyarsu Iyatu ƙwaryar gishiri ya juye ciki, don baƙi su ji kamar a garinsu suke.

Zuwaira ta ce, "Maigida, in tuƙa musu tuwo ne, ko azumi suke?"

"Kunya ce. Falke ba ya cin abinci ranar sauka."

Da aka kwana biyu, waɗansu suka buɗe baki ba su rufe ba. Wari ya fara. Iyatu ta leƙo ta katanga. "Ladan, ashe a zamaninka sunan gidanku zai ɓaci?"

"Hamma suke, Inna. Hanya suke so."

Nan take ya saɓa su sai Parakou. Ya sa su a jirgin ƙasa mai komawa Cotonou, ya yi musu addu'ar matafiya, ya tsaya har hayaƙi ya ɓace. Daga baya aka ji fasinjoji sun wurgar da katakon ta taga a daji, nesa da kowane ruwa. Ladan ya ce wannan tsakaninsu da hanya ne, shi dai ya yi rakiya.

Ruwan randar kuwa, sai ya shanya shi a faranti har rana ta shanye. Wata safiya Iyatu ta tarar da ƙwaryarta a bakin ƙofa. Gishirin na ciki, yana ɗan ƙarni.