Ƙwaryar da ke zuwa daga Tibiri

Shekara da shekaru ina salla a kan kujerar roba. Fara ce, irin ta gidan biki, ƙafarta ɗaya an ɗaure da waya. In mata suka zube ƙasa don sujada, ni sai in sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi. Malamai sun ce ya halatta, kuma na yarda da su, amma ni ba fatawa nake nema ba. Goshina nake so ya taɓa ƙasa. Abin da ya sa na yarda aka rage mini tumbi ke nan. Ba don wata riga ba ce, ba kuma don maigida ba, wanda ya gan ni siririya ya gan ni ƙatuwa bai taɓa cewa uffan ba, don ya san bakina.

Atamfa nake saidawa a babbar kasuwar Maraɗi. Zama ne tun safe har la'asar, abinci na zuwa har gabanka, mutane kuma na ta cewa, "Hajiya, hutu ya karɓe ki." Hutun nan shi ya kawo mini ciwon sukari, ya cinye mini gwiwoyi. Babban ɗana ne ya ɗauke ni ya kai ni ƙasar waje aka yi aikin. Likitan can ya nuna mini da hannu, ya ce abin da ya rage na tumbina bai wuce ayaba guda ba.

Watannin farko jiki ya yi ta zuba. Tela ya gaji da rage mini riguna. Matan unguwarmu ta Zariya suka fara ƙus-ƙus, wai na ɗauko mugun ciwo. Wata ta tare ni a gidan suna tana langaɓe kai, tana cewa, "Sannu, Allah ya ba ki lafiya." Na ce mata, "Amin, ke ma Allah ya ba ki aikin yi." Daga ranar ba ta ƙara ba.

Sai abu ya tsaya. Kowane wata ina zuwa wajen wata likita a nan cikin gari, in hau ma'auni. Da kaina nake karanta lambar, don sai da na yi jikoki na shiga karatun manya, kuma tunda na wahala na koya ba mai karanta mini abin da idona ke gani. Lambar wannan wata ita ce ta wancan. Na canza zane na sa marar nauyi, na cire awarwaro, na je ban karya kumallo ba, duk a banza. A gida in na gwada durƙusawa ina iya sauka, amma tashi sai an kama ni mutum biyu, gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na koma kan kujerata.

Rannan likitar ta ajiye alƙalami ta dube ni. Yarinya ce sa'ar ɗiyata, sai dai ba ta da tsoro.

"Hajiya, mi kike ci?"

"Mi nake ci? Kazar gidana ta fi ni ci. Loma biyu ta tuwo, in na ƙara ta uku sai ta tsaya mini a ƙirji."

"To tsakanin safe da dare, mi ke shiga bakinki?"

"Ba komi. Sai hura."

"Kamar yaya?"

Na kwatanta mata girman ƙwaryar da hannuwa biyu. Na ce ba a zama ɗaya ba, tana nan gefena a rumfa da ƙanƙara a ciki, in na ji maƙogwaro ya bushe in kai ludayi.

Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce ƙaramin tumbin nan tuwo yake tarewa, amma abu mai ruwa wucewa yake kamar an zuba a rariya, ya bar wuri ga na bayansa. Gero da sukari da kindirmo kuwa duk suna isa inda za su. Ta ce aikin da aka yi mini lafiyarsa lau, ƙwaryar ce za a ajiye.

Ni 'yar Tibiri ce, na san fura abinci ce, da ita manomi ke wuni a gona. Kawai na sa a raina tunda ba ta tsaya mini a ƙirji, to ba ta zama a jiki. Amma ba wannan ne ya dame ni da na fito daga wajen likitar ba. Ƙwaryar daga Tibiri take zuwa, daga hannun Inna mahaifiyata.

Ni ce 'yar farinta. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta san yana wurin. A ɗakin kakata na tashi. Inna "waccan" take ce mini, in kuma dole ta kama sai ta ce "ke". In za ta ba ni abu sai ta ajiye a ƙasa ta ce wa ƙanwata, "Ki ce wa waccan ta ɗauka." Da na yi haihuwar fari aka kai ni gida wanka, goggona ce ta yi mini jego, ita ta dafa ruwa, ita ta dama kunun kanwa. Inna tana tsakar gida tana tsince wake kamar ba jikanta ke kuka ba. Ban taɓa riƙe ta a zuci ba, haka ita ma aka yi mata.

Da na dawo daga aikin nan ta zo gidana a unguwar Zariya, ta zauna bakin ƙofa, ta ce a ɗaga rigar ta gani. Ta daɗe tana duban tabon. Sai ta juya wajen ƙanwata ta ce duk matar da aka taɓa wa ciki mai jego ce, ko an fito da ɗa ko ba a fito da shi ba, kuma mai jego ba a barin ta da yunwa. Ta so a yi mini wankan ruwan zafi, ɗana ya roƙe ta da ƙyar ta haƙura. Da aka ce na fara cin abinci, washegari ɗan kabu-kabu ya tsaya da babur ƙofar gidana da ƙwaryar fura ɗaure cikin ɗankwalin da na sani. Kullum kuma sai ƙwaryar ta zo. Jikoki ke yi mata daka, amma damu da hannunta take yi, da citta da kanumfari yadda ba wanda ya iya. Jegon da kunya ta hana ta yi mini ina yarinya, shi take yi mini da furfura a kaina. Ni da ba dillalin da bai san kaifin harshena ba, ta ina zan fara ce wa wannan tsohuwa ta daina?

Na gwada dabara. Na riƙa ba maƙwabtan rumfa su shanye in mayar da ƙwarya a wanke. Sai dai ana buɗe faifan ƙamshin ya doke ni, in ce bari in ɗanɗana, ɗanɗanon ya zama rabi. Ranar da ban sha ba kuma sai in wuni da nauyin zuciya, ina tuna tsohuwa ta tashi tun asuba tana damu ga mutanen da ba ta ma san su ba.

Wata Juma'a na hau mota na tafi Tibiri. Na sami Inna ƙarƙashin itacen bedi, ta gan ni ta kawar da kai kamar yadda ta saba, ta ce wa akuyarta, "Yau baƙi gare mu." Muka gaisa. Na kasa faɗin abin da ya kawo ni har aka kira salla.

Gidan Inna ba kujera. Turmi aka kifa mini. Ita ta shimfiɗa tabarmarta a kan rairayi, tsohuwar da ba ta da sauran haƙori, ta sauka sujada a hankali ta tashi ba mai kama ta. Ni ina bisa turmi ina sunkuyar da kai. Da muka sallame na ga tana kallon gwiwoyina ta gefen ido.

"Har yanzu?" ta ce.

"Har yanzu, Inna."

"To yankan da suka yi miki na mine ne?"

Na dubi akuyar, don na ga ita ce mai sauƙin yi wa magana a gidan. Na ce, "Likita ta ce aikin ya yi. Ta ce nauyin da ya rage ba zai sauka ba in ina shan hura. In bai sauka ba kuma, a kan kujera zan mutu ina salla."

Ta kawar da kai. Tana jan carbi.

"Hurata?"

"Ita, Inna."

"Gero bai taɓa kashe kowa ba a gidan nan," ta ce. Ta tashi ta shige ɗaki, ba ta fito ba har na yi sallama.

Washegari ƙwarya ba ta zo ba. Jibi ma haka. Ina rumfa ina auna wa mutane yadi, duk babur ɗin da ya rage gudu sai na ɗaga kai. Na yi wa wani mai sayen shadda masifar da bai ci ba. Na ce a raina, shi ke nan, abu guda da ta taɓa miƙo mini na mayar mata.

Ana nan sai ga ɗan kabu-kabun nan ya tsaya gaban rumfa, da ƙwaryar da ɗankwalin. Na kwance ɗankwalin. Dafaffen zogale ne, an matse shi sosai, da ɗan ƙuli-ƙuli kaɗan, sai ƙwan zabi biyu a gefe.

Mutumin yana ta murmushi. Ya ce, "Tsohuwa ta ce in ce wa waccan, wannan ba ya wucewa ta rariya. Ta ce kuma daga yau ba mai kawo mata zogale daga lambun ƙanenki na Jiratawa. In kina son ƙwarya ta ci gaba da zuwa, ki je da ƙafarki ki tsinko, ita ta dafa."

Ashe ta aika an kira ƙanwata, ta sa ta je wajen likitar ta tambayo mi ake ba irina, ta dawo ta zayyana mata. Ƙanena kuma mai lambu a Jiratawa an ja masa kunne kada ya kuskura ya shiga da ni lambun a kan babur.

Haka na fara. Mota ta sauke ni bakin hanya, in bi gefen magudanar ruwa a ƙasa, ina haki ina zagin ƙanena da ke gaba yana dariya. "Yaya, ko in kawo miki amalanke?" Na ce ya kawo, in ɗora shi in tura cikin ruwa. Da farko sai na zauna hutawa sau da dama kafin in kai layin zogalen. Daga baya na riƙa wuce shi in zagaya ta wajen masu albasa don jin daɗin iskar fadama. A ranakun kasuwa kuma na daina aika a sayo mini abu, ni ke tashi. Ƙwaryar Inna wani lokaci awara ce, wani lokaci kifi, wani lokaci nono tsantsa ba gero ba sukari. Ranar da gishiri ya yi yawa na san ta tashi da faɗa.

Lambar ba ta motsa nan da nan ba. Watan farko da ƙyar ta gusa, har na ce wa likitar ma'auninta ya lalace. Daga nan ta fara sauka kaɗan-kaɗan, ba irin zubar farko ba. Na daina cire awarwaro.

Ban gwada sujada a gidana ba, ko da na ji gwiwar ta fara saki. Na bar ta sai Tibiri. Ranar na kai zogale da kaina, aka kira azahar, wata jika ta jawo turmi za ta kifa. Na ce ta bar shi. Na tsaya bayan Inna a kan rairayi, ba ko tabarma. Da muka kai sujada na sa hannuwa, na sauke gwiwa ɗaya, na sauke ɗayar, na kai goshi. Ƙasar da ɗumi, tana warin hayaƙi da akuya. Na manta tasbihin da ake yi, sai kuka. Tashin ya yi wuya, na dafa ƙasa na yi nishi, amma ba wanda ya kama ni.

Muka sallame. Inna ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ban saba gani ba. Rairayi ya manne mini a goshi, na ɗaga gefen mayafi zan share.

Ta riƙe mini hannu. Tafinta busasshe, mai kaushi, ban san rabon da in ji shi a jikina ba.

"Bar shi," ta ce. "Ki shiga Maraɗi da shi."

Sai ta saki hannun da sauri, ta juya wajen jikar tana faɗa, wai wa ya bar zogale a rana.