Lurwanu Sambuk da Matar da Ya Sa a Lanci

A unguwar Tandabawi ta Makka, a shekarun da ake rushe gidajen gefen Harami don faɗaɗa masallaci, in ka ce kana neman Lurwanu sai a tambaye ka wanne. In ka ce Lurwanu Sambuk, ko baƙon jiya zai nuna maka rumfarmu. Tare muke ɗinkin hemomin da alhazai ke kwana ciki a Mina, ni da shi, gwiwa da gwiwa. Ni Mukhtaru Bakano ne, kuma Allah bai yi ni da shiru ba. Shi kuwa sai ka yi masa magana goma kafin ka samu ɗaya.

Mutumin Yawuri ne, Basarke ɗan masunta, a cikin kwalekwale ya buɗe ido. Ya baro gida da niyyar hajji shi da matarsa Ummulkhairi, guzuri ya ƙare musu a Sawakin, bakin Bahar Maliya ta ɓangaren Sudan. Nan ya kama aiki a sambuk, wato jirgin katako marar inji, wanda iska ke turawa da wani ƙaton ƙyalle da Larabawa ke kira shira'i. A can ya koyi riƙon babbar allura. Dubi ikon Allah, mutumin da ya tashi a kan Kwara ya ƙare a garin da sai an ɗauko maka ruwa a garwa.

Ni kuwa a jirgi mai inji na hayo, wanda ake ce wa lanci, don haka kullum sai na tsokane shi. Nakan ce, "Ya shekh, wa zai zauna jiran iska kamar mai shiƙa? Lanci ka hau da hantsi, kafin ka gama amai an kai."

Wani lokaci yakan tanka. Ya ce sambuk ba ya yanka teku kai tsaye. In ya hayo sai ya shige wani lungun ruwa tsakanin gaɓa da duwatsun murjani, ya riƙa bin gefe. Mutum ɗaya na tsaye a goshin jirgi yana duba launin ruwa, kore a wuce, fari-fari a kauce. Rana na sunkuyawa a jefa anga, ƙarfen da ke tsai da jirgi, don ba a tafiya in ido ba ya ganin ƙasa. "Ba ka jin komi sai ruwa da igiya," in ji shi. "Lanci ko, hayaƙi da ƙara, ko kiran salla ba ka ji." Sai in ce to ai sambuk ya fi ke nan. Sai ya ci gaba da ɗinki. Bai taɓa yarda ya ce ɗaya ya fi ɗaya ba, abin har haushi yake ba ni.

Sai da muka shekara tare na san dalili, kuma daga ranar na rage surutu.

Shekarar da suka tashi hayewa, Ummulkhairi ta kwanta zazzaɓi, ta rame. Lurwanu ya san sambuk, ya san in iska ta kwanta sai a yi kwana da kwanaki ana gasuwa a rana. Ya ga ba za ta iya ba. Ya sa ta a lanci tare da waɗansu matan Katsina, shi kuma ya bi sambuk ɗinsu saboda ya riga ya yi wa shugaban jirgin alkawarin aikin wannan hayin. Suka rabu a kan za ta jira shi a Jidda. Tausayi ne ya sa shi, ba wani abu ba, kuma ko ni ne haka zan yi.

Matsalar ita ce duk ba su da takarda. Mai lancin ya ƙi kusantar Jidda, ya zubar da su a wata gaɓa can kudu, wajen Lis, ya juya. Sambuk kuwa iska ta yi masa rowa. Suka yi ta rarrafe a bayan murjani har aka tsaya Arfa aka sauko ba su iso ba. Da Lurwanu ya taka Jidda, mutane sun watse.

Ya neme ta neman duniya. Ya bi unguwannin Jarwal da Misfala gida gida, ya koma Jidda, ya je har Lis a bayan motar kaya. Duk shekara in mun kafa hemomi a Mina, sai in ga ya bar aiki yana zagaya wajen 'yan ƙasarmu yana tambayar Ummulkhairi ta Yawuri. Matan garin nan fuska a rufe suke fita, namiji kuma ba ya leƙa gidan mutane. An sha ba shi mata ya aura, har ni na yi masa faɗa, na ce rai dai ɗaya ne. Ya ce, "Na ce mata ta jira. In ita tana jira, ni mi zan ce mata?"

Wata ranar Laraba matata Hajo ta je unguwar Utaibiyya gaisuwar mutuwa, gidan wata Sa'adiya mai sayar da fura. Ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta ce in zo. Wadda ta rasu wata baiwar Allah ce da Sa'adiya ta tsinta a hanyar Lis shekarun baya, ba lafiya, ta kawo ta gida ta riƙe. Sunanta ɗaya da uwar mijin Sa'adiya, don haka ba mai iya kiransa a gidan, sai suka sa mata Yalwa, duk unguwa kuma ta ɗauka. Tana yawan cewa mijinta na tafe a jirgin iska. In an tambaye ta sunansa sai ta sunkuyar da kai ta ce Ɗan'auta, yadda uwarsa ke kiransa. Mijin fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba tun da aka kai ta ɗakinsa. An yi ta cigiyar Ɗan'auta a Makka, aka kawo mata masu wannan suna har ta gaji da leƙe ta bayan labule. Sai da ciwo ya ci ƙarfinta Sa'adiya ta riƙe hannunta ta ce, "Yalwa, haram alaiki, yau ba ranar kunya ba ce." Ta faɗa sau ɗaya, a hankali: Lurwanu. Ba ta kai la'asar ba.

Wallahi na ji haushin kunyar nan tamu ranar, haushin da ban taɓa ji ba. Tsakanin Tandabawi da Utaibiyya tafiyar ƙafa ce. Shi yana kiran sunan da ba wanda ya san ta da shi, ita tana ɓoye sunan da kowa ya san shi da shi.

Ni aka bar wa faɗa masa. Na same shi a rumfa yana ja wa wata hema baki. Na zauna, na rasa ta inda zan fara, ni da ba na rasa magana. Da na gama bai yi kuka ba. Ya soke allurar a jikin ƙyallen, ya tambaye ni yaushe aka yi mata salla. Na ce Litinin, bayan magariba, a Harami.

Ya daɗe yana kallon hannunsa. A Makka in an sallaci gawa aka fito da ita za a kai maƙabartar Ma'ala, duk wanda ke kusa yakan sa kafaɗa ya ɗan taka da makarar don neman lada, sannan ya ba wani. Ba a tambayar ko wane ne a ciki.

"Litinin da magariba gawa guda ce, ta mace," in ji shi. "Na kama, Mukhtaru. Har na ce a raina wannan baiwar Allah ba ta da nauyi."