Keken Clancy da zanin gado

Clancy bai taɓa ɗanɗana giya ba, amma duk baƙon da ya sauka a tsibirin Groote ya ga tafiyarsa sai ya kaɗa kai, ya ɗauka maye ne. Ciwon gidansu ne. Ya kama mahaifinsa, ya kama yayyensa biyu, shi kuma ya same shi yana ɗan shekara arba'in, lokacin da ba wanda ya kai shi iya cakar kunkurun teku da mashi. Ƙafa ta fara gardama, harshe ya bi ta. Da ɗawainiya ta fi ƙarfin matarsa Lorna, sai ya koma gidan jinya na gari.

Abin da ya dame shi guda ne: shekara biyu rabonsa da bakin teku. Gwamnati ta yarda za ta ba shi keken guragu mai batir, amma sai ma'aikacinta ya ga ya iya tuƙi. Idan ya faɗi gwaji, sai baɗi.

Ma'aikacin ya iso daga birnin Darwin, wani Mista Halloran, mai jan wuya da tulin takardu.

"Daga baranda zuwa ƙofar waje, a miƙe. Shi ke nan," in ji shi.

Clancy ya yi dariya a ransa. Mutumin da ya tuƙa kwalekwale cikin guguwa! Ya danna, keke ya tafi sumul. Sai a tsakiyar hanya ya hango ta: tsohuwa Thelma, uwar Lorna, wadda ita ma a gidan take jinya, ta baje a kujera tana shan hantsi da karenta Biskit. Surukarsa! A al'adarsu ba ya kallonta, ba ya gifta gabanta, ko sunanta ba ya kamawa. Ya kawar da kai, ya murɗa hagu, ya ratsa furanni, ya shige igiyar shanya, ya fito da siket a ka.

Halloran ya fara rubutu. "Me ya faru?"

Clancy ya so ya yi bayani. Ta ina zai fara, tun da ba ya faɗin sunan? Ya nuna gefen da leɓe, kamar yadda kowa ke yi.

"Har fuskar ma tana karkacewa," in ji Halloran, ya ƙara layi ɗaya.

"Tsohona, cire siket ɗin mana, na Sista mai jinya ne!" Lorna ta ƙwala daga baranda, tana riƙe ciki.

Thelma ba ta juyo ba. Ita ma ba ta magana da shi, don haka ta dubi karen.

"Biskit, gaya wa wani mutum, wanda ban san da zamansa ba, na gaji da kifin gwangwani. In ya faɗi gwajin nan, ya dawo min da 'yata."

Clancy ya dubi bishiyar mangwaro. "Mangwaro, a shaida wa Biskit, hanya ce a toshe."

"Biskit, ce wa mangwaro ba inda zan tashi, ni na riga zuwa."

Halloran ya duba takardunsa, bai ga gurbin kare ba, balle na mangwaro. Lorna ce ta share hawaye ta yi masa bayani, ya yarda a sake sau ɗaya. Ta zaro zanin gado daga igiya ta lulluɓe uwarta ruf, har kujera.

"Yanzu babu kowa a wurin," in ji ta.

"Babu kowa," zanin gadon ya amsa.

Clancy ya wuce a miƙe kamar mashi, ya tsaya cak a ƙofa, har ya yi kwana don burga. Halloran ya soke layi biyu ya sa hannu.

Yanzu kullum da safe Clancy yana buga ƙararrawar da ya ɗaura wa keken, tsohuwa ta ja zani ta rufe kai, shi kuma ya gangara bakin teku da ƙugiya. Hannu na rawa, kifi bai cika kamuwa ba. Ranar da ya samu, sai ya ajiye a gindin mangwaro ya ce na Biskit ne.

Biskit dai har yau ƙaya yake samu.