Malam Umara da Takardar Ƙuduji

Malam Umara mutumin Toranke ne, ko da yake kakanninsa daga gabas suka zo tun da jimawa. Shekara ashirin da uku yana koyar da darasin noma a firamare, in an tashi ya saɓa fartanya ya nufi gona. Mutum ne mai naci, irin wanda in ya sa abu a gaba sai ya gunduri kowa. Abin da ya sa a gaba kuwa ƙuduji ne, ciyawar nan da ke shanye gero da dawa tun daga saiwa.

Ya raba gonar gadonsa gida takwas. Nan gero zalla, can gero da gyaɗa, can kuma gyaɗa bana gero baɗi. Duk ƙudujin da ya fito sai ya ƙirga ya rubuta. Damina goma sha ɗaya yana wannan abu! Maƙwabta suna cewa mai ƙirga ciyawa bai san yunwa ba ne.

Ana haka wata malamar jami'a, Dakta Naja'atu, ta zo Ajingi, ƙaramar hukumarsu, bincike, aka yi mata kwatancensa. Da ta buɗe littattafansa sai ta nemi wuri ta zauna. Damina biyu suka ƙara tare, ta rubuta takarda, ta karanta masa ya gyara mata wuri uku. Ta ce sunansa ne zai zo na biyu a cikin marubuta. Malam Umara ya so abin nan har cikin ransa. Bai yi digiri ba, kuma burinsa ko sau ɗaya ne masana su ga sunansa a saman takarda. Matarsa Fiddausi kaɗai ya gaya wa.

To, jami'ar tana da sabuwar doka. An gaji da masu cusa sunan maigida da na aboki a aikin da ko gani ba su yi ba. Saboda haka duk marubucin da ba ma'aikacinsu ba ne, kwamiti zai kira shi ya faɗi da bakinsa abin da ya yi, a naɗi muryarsa. Dokar ba ta da laifi, gaskiya.

Ranar da suka kira, yana zaune a ƙofar gida gaban surukinsa Alhaji Maiwada da wasu dattawa biyu. Wayar tasa kuwa lasifikarta kaɗai ke aiki, kowa na ji.

"Malam, wace gudummawa ka bayar a wannan bincike?" in ji mai kiran.

Ya dubi surukinsa, ya sunkuyar da kai. Ina shi ina yabon kansa a gaban uban matarsa?

"A'a, ranka ya daɗe, ni me na yi? Aikin Dakta ne. Rakiya kawai na yi mata, na nuna mata gona."

"Tsarin gwajin fa, wa ya yi?"

"Ai duk ilimin nasu ne."

Mai kiran ya yi godiya ya kashe. Alhaji Maiwada ya gyaɗa kai, ya ce kunya ta yi, haka ake son mutum.

Washegari Dakta Naja'atu ta kira shi rai a ɓace. "Haba Malam! Me ya kai ka?" Ya ce surukinsa na zaune. Ta rubuta wa kwamiti, ta haɗa da hotunan littattafansa. Suka ce mai abu ya faɗa da bakinsa, in suka sake kira za a ce kitsa masa aka yi. Takarda ta fito da sunansa a layin godiya, tsakanin direba da mai gari. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma bai ga wanda zai ɗora wa laifi ba.

Bara ya yi ritaya. Bana da bazara aka turo wani matashin malamin gona Toranke, ya tara manoma a gindin tsamiya yana koya musu sabuwar dabarar da jami'a ta gano ta rage ƙuduji: gyaɗa bana, gero baɗi. Malam Umara na zaune a sahun baya. Da saurayin ya gama sai ya hango shi, ya tambaye shi:

"Baba, ka gane kuwa, ko in sake bayani?"

"Na gane, ɗana," in ji Malam Umara. "Allah ya yi albarka."