Katin da Ya Hana Inna Hawa Jirgi

Mun tashi da asuba daga Matankari, ni da Inna, ko maƙwabta ba mu yi wa sallama ba. Ƙanena, autanmu, wata uku ke nan yana kwance a Abijan da ciwon hanta, kuma kullum maganarsa a waya ɗaya ce, yana son ganin Inna. 'Yan garinmu da ke can suka haɗu suka yankar mata tikitin jirgi, suka turo ta waya saura sati biyu a tashi. Na je Dogon Dutsi aka buga mini shi a takarda.

Tun ranar Inna ta kafa mini doka. Ta ce, "Kak ka hwaɗa ma kowa. Bakin mutane ba shi da kyau." Haka muka taso a gidanmu, ba a sanar da tafiya sai ƙafa ta bar gari. Ni kuma shekarata biyu a ajin yaƙi da jahilci, Hausa nake karantawa, a hankali. Takardar da Faransanci take. Na gane sunan Inna, na gane rana da lokaci, na ce ai magana ta ƙare. Ƙananan layukan da ke ƙasa ban nuna wa kowa ba, na ninke na sa aljihu.

A tashar Dutsi muka shiga motar Yamai. Damina ta ci hanya, ramuka ko'ina, gero kuwa ya fid da kai dama da hagu. Kowane shinge sai a sauko a nuna katin shaida. A Doso na sayi tsire da burodi, Inna ta ƙi ci, ta rungume ƙullinta na ƙuli-ƙuli da garin fura, wai auta ba ya son furar kowa sai tata. Bayan garin Birni muka hango raƙuman dawa biyu suna cin ganye. Ta ce, "Su waɗanga ko jirgi ba su buƙata." Dariyarta ke nan ɗaya a duk tafiyar.

Filin jirgin yana bakin gari, kafin a shiga Yamai sosai, sai muka sauka nan. Wanda bai taɓa zuwa ba, ya kamata ya sani: ana isa awa uku kafin tashi, ana auna kaya, ba a shiga da gorar ruwa, kuma mai rakiya yana da iyakar da ba ya wucewa. Ni saboda tsufan Inna aka bar ni na raka ta teburin duba takardu. Ciki sanyi kamar randa. Kuɗin shayi kofi ɗaya zai ciyar da gidana yini.

Ma'aikaciyar ta karɓi fasfo da tikiti, ta duba, ta sake miƙo hannu. "Baba, ina katin allurar shawara?"

Na ce wane kati? Ta ɗora yatsa a kan ƙananan layukan nan. Ta yi mana bayani da Hausa, cikin ladabi, cewa ba a shiga waccan ƙasar sai da katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa, kuma ko yau aka yi allurar, sai ta kwana goma katin zai yi aiki.

Inna ta kama hannunta. "Ɗiyata, ɗana na can kwance. Ki yi man allura goma yanzu in kina so." Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai, ta ce ko ta bar Inna ta wuce, can za a juyo da ita. Muna zaune a waje muka ga jirgin ya tashi. Inna ta bi shi da ido har ya ɓace.

Washegari aka yi mata allura a Yamai, aka ɗaga ranar tikiti, muka koma gida jiran kwana goma. Ran kwana na shida, da hantsi, waya ta shigo. Auta ya cika.

Cikin masu gaisuwa har da maƙwabcinmu, ɗan kasuwa mai yawan zuwa Abijan, wanda katanga kawai ta raba mu. Da ya ji abin da ya faru, ya zaro irin katin daga aljihunsa, duk ya tsufa. "Haba, maƙwabci! Da ka leƙo ka tambaye ni."

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, takardar da ban iya karantawa duka ba, in kai wa wanda ya iya, ko da duk gari zai ji. Sati biyu tana aljihuna, mu kuwa kwana goma kawai muke buƙata. Yanzu katin Inna ya fara aiki. Yana cikin adakarta, kusa da garin furar da har yau ta hana a taɓa.