Marmaro a Ƙarƙashin Kwalta

Duk wanda ya taɓa zuwa ƙauyenmu kallon tafkuna ya ga Shigeharu, ko da bai lura da shi ba. Shi ne tsohon nan mai farar safar hannu da jan sanda, wanda ke nuna wa motocin baƙi inda za su tsaya. Shekara goma sha takwas ke nan yana wannan aiki, kuma filin gadonsa ne.

Baƙi kam ba a magana. Su sauko, su leƙa ruwa har su hangi yashin ƙasa, su ɗauki hoton dogon dutsen da ke bayan ƙauyen idan gajimare ya yi musu adalci, su ci wainar shinkafa mai ganye, su koma mota. Shigeharu ba ya jin haushinsu, ba ya kuma sha'awarsu. Ya rusuna, su wuce.

Kafin kwalta, wurin lambu ne, kuma a kusurwarsa akwai wani ɗan marmaro da ba ya cikin waɗanda ake zuwa kallo. Nan uwarsu take wanke kabeji, nan yayarsa Tokiko take goya shi ta kai shi ya tsoma ƙafa. Tokiko ta yi aure can wani gari a bakin teku. Shi ya zauna yana aikin kafinta, har gwiwa ta ce ta gaji. Lambu ba ya riƙe gida, motoci kuwa na ta neman wurin tsayawa. Sai ya sa aka ja ruwan ta bututu zuwa kwata, aka zuba tsakuwa, aka shimfiɗa kwalta.

Bai gaya wa Tokiko ba. Ba don tana da ta cewa a gadon ba, kunya ce kawai ta riƙe masa baki. Kowace sabuwar shekara sai ya aika kati ya ce komai na nan yadda ta sani. Idan ta ce za ta zo ziyarar kabarin iyaye, ya ce ana gyaran rufi, ko ya ce mura ta kwantar da shi. Da ƙafafunta suka daina kai ta nesa, ya ji sauƙi, ya kuma ji kunyar jin sauƙin. Shi ma bai je ba, don ya san tambayar da za ta fara yi.

Ana cikin kaka 'yarta Michiru ta kira shi. Ta ce Tokiko na asibiti, likita ya ce a shirya, kuma ta ce ruwan ƙarshe da za a shafa mata a leɓe na marmaron lambunsu take so.

Washegari da safe aka ga Shigeharu da gora, yana bin layin baƙi a famfon babban tafki. Fusae mai gasa waina, ƙawar Tokiko tun makaranta, ta leƙo daga rumfarta.

"A'a, Shige, yau kai ma yawon kallo ka zo? In ɗauke ka hoto?"

Ya ce ruwa dai ruwa ne, duk daga dutse ɗaya yake saukowa. Ta ce ya gaya wa wanda bai san ruwa ba, ta juya wainarta.

Awa biyar ya yi a jirgin ƙasa, gora a cinya. Ya shirya gaskiya, ya shirya ƙarya, har ya sauka bai zaɓi ɗaya ba.

Ya sami Tokiko ta ƙanƙance, amma idonta na nan yadda yake. Michiru ta ce, "Kawu, kawo," ta tsoma auduga ta jiƙa mata leɓe. Tsohuwar ta lasa a hankali. Shigeharu ya tsaya yana kallon ƙasa, ƙarya a bakinsa tana jira a tambaye shi.

"Mota nawa yake ɗauka?" in ji Tokiko.

Ya ɗaga kai.

"Filin. Manya nawa?"

"Goma sha biyu, Yaya."

Ta ce ba laifi, ta ɗauka bai kai haka ba. Ashe Fusae ta rubuta mata tun shekarar da aka zuba tsakuwa, har da hoto. Shekara goma sha takwas tana karanta katinsa tana ajiyewa a akwati.

Da ƙyar ya tambaye ta, to me ya sa ta ce ya kawo ruwan, tunda ta sani.

"Kai dai har yanzu ba ka da wayo," ta ce. "Da ban ce ruwa ba, za ka zo?"

Ya karɓi audugar daga hannun Michiru, ya sake tsomawa, ya matso da kujera.